Ginin Fam Miliyan 72: Yadda "Gidan Jama'a" Ya Gagari Mutanen West Bromwich

Duk mai zama a gidan kallon ƙwallo ya san sunan West Brom. Can Nwankwo Kanu ya koma da ya bar Arsenal a 2004, can kuma Osaze Odemwingie ya yi tashensa daga 2010. Sai dai kaɗan ne a cikinmu suka san garin da ƙungiyar ta samo sunanta, wato West Bromwich, mai nisan kimanin kilomita 8 daga Birmingham. A tsakiyar garin, dab da tashar bas da layin kantuna, akwai wani ƙaton gini baƙi mai siffar akwati. An huda jikinsa da tagogi barkatai, wata kamar ƙwayar wake, wata kamar ɗigon ruwa, kowace an zagaye bakinta da ruwan hoda mai ɗaukar ido. Yau 'yan makaranta ne ke shiga suna fita da jakunkunansu a baya, amma ba dominsu aka gina shi ba. Cibiyar fasaha ce, sunanta The Public, wato "Jama'a". Ta lashe fam miliyan 72, ta yi aiki shekara 5 da 'yan watanni, aka garƙame ta.

Har gobe idan aka tayar da zancen ginin nan a Ingila sai an rabu biyu. Wasu na cewa ba a taɓa watsa kuɗin talakawa a banza irin wannan ba. Wasu kuma na cewa an yanka shi ne daidai lokacin da ya fara miƙewa. Kowane ɓangare na da abin kamawa, kuma wanda ke son sanin ko kwalliya ta biya kuɗin sabulu, tilas ya koma tun kafin a aza tubalin farko.

Daga tsohuwar bas zuwa ƙaton akwati

West Bromwich na cikin yankin da Turawa ke kira Baƙar Ƙasa, saboda kwal da hayaƙin maƙeru da suka turnuƙe shi tun ƙarni na 19. Garin ma'aikata ne. Ita kanta ƙungiyar ƙwallon, ma'aikatan masana'antar Salter mai ƙera sikeli ne suka kafa ta a 1878. Bayan yaƙin duniya na biyu baƙi suka yi ta zuwa neman aiki daga Jamaika da Indiya da Pakistan da Bangaladash. Daga shekarun 1970 masana'antun suka fara mutuwa ɗaya bayan ɗaya, har ƙaramar hukumar Sandwell, wadda garin ke ƙarƙashinta, ta shiga sahun yankunan da suka fi talauci a Ingila.

A cikin wannan hali ne aka kafa wata ƙaramar ƙungiya mai suna Jubilee Arts a 1974. Babban jarinta wata bas ce mai hawa biyu. Su tuƙa ta zuwa unguwa, su tsaya a fili, yara su taru, a shirya wasan kwaikwayo, a yi zane a bango, a koya wa matasa ɗaukar hoto da buga fosta. Aikin ba ya cin kuɗi sosai, kuma shi ke zuwa wurin mutane. Sun shafe shekara 20 a haka, sun yi suna, mutanen unguwanni sun san su. Shugabarsu, Sylvia King, ta daɗe da burin ƙungiyar ta sami matsuguni nata na kanta.

Buri ya haɗu da kuɗi a 1994, lokacin da gwamnatin John Major ta ƙaddamar da cacar ƙasa. Dokar ta ware wani kaso na kuɗin tikiti domin ayyukan alheri, ciki har da fasaha, kuma Hukumar Fasaha ta Ingila ce ke rabon kason fasahar. A shekarun farko akwai wani sharaɗi da ya kamata mai karatu ya riƙe da kyau, domin shi ne gindin labarin: kuɗin na gini ne da sayen kayan aiki, ban da albashi, ban da kuɗin wuta, ban da hidimar yau da kullum. Ƙungiyar da ke neman 'yan dubbai don ta ci gaba da aikinta sai ta sha wuya, amma wadda ta zo da zanen katafaren gini tana iya tashi da miliyoyi.

Sai kuma ga Bilbao. A 1997 wannan birni na Sifen, wanda shi ma masana'antunsa suka mutu, ya buɗe gidan tarihi na Guggenheim da Frank Gehry ya zana. Fiye da mutum miliyan ɗaya suka ziyarce shi a shekarar farko, otal-otal suka cika, sunan birnin ya zagaya duniya. Duk wani gari da talauci ya yi wa katutu a Turai sai ya ce shi ma ga magani. Abin da masu kwaikwayo suka manta shi ne Bilbao ta haɗa da wanke koginta, da shimfiɗa jirgin ƙarƙashin ƙasa, da sabon filin jirgin sama, kuma tana da wata babbar gidauniya ta Amurka mai tarin zane-zane a bayanta. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Da wannan iska ce burin samun matsuguni ya kumbura ya zama shirin tayar da gari gaba ɗaya. Aka ɗauko Will Alsop, mai zanen gini da ya shahara da son launi da siffofin ban mamaki, wanda ya ci babbar kyautar zanen gini ta Birtaniya a 2000 da ɗakin karatu na Peckham a Landan. Da farko sunan aikin c/PLEX, daga baya aka mayar da shi The Public.

Yadda kuɗin ya yi ta hawa

Hukumar Fasaha ta fara da alkawarin fam miliyan 19. Sauran kuɗin ya fito daga ƙaramar hukumar Sandwell, da hukumar raya yankin, da asusun Tarayyar Turai na tallafa wa yankuna marasa ƙarfi. An tsara buɗewa a 2005.

A 2004 kamfanin Alsop ya durƙushe, watanni kaɗan bayan an soke wani babban aikinsa a Liverpool. Wani kamfanin ne, Flannery & de la Pole, ya ƙarasa ginin. A 2006 ita kanta ƙungiyar da ke da aikin ta kasa biyan bashi, aka miƙa ta hannun masu warware basussuka, Sylvia King ta bar kujerarta, ƙaramar hukuma ta gaji ginin da bai ƙare ba. Aka sake zuba kuɗi. A watan Yuni na 2008 aka buɗe ƙofa, shekara 3 bayan lokacin da aka ɗiba, kuma babban abin da aka yi ginin dominsa, wato zauren nuni mai aiki da kwamfuta, bai tashi ba. A farkon 2009 Hukumar Fasaha ta janye tallafinta ga kamfanin da ke kula da zauren, shi ma ya faɗi. Sai a watan Agusta na wannan shekarar zauren ya fara karɓar baƙi a hannun wata sabuwar gidauniya. Zuwa lokacin kason Hukumar Fasaha kaɗai ya kai fam miliyan 31.8.

Ya kamata a leƙa cikin ginin kamar yadda yake a lokacin don a gane abin da ya ci kuɗin. Da ka shiga, sai ka ga ashe akwatin fanko ne mai tsawo, an rataye wasu ɗakuna a cikinsa, an dasa wasu. Akwai wanda ake kira Dutse, akwai Tsakuwa, akwai Safa, kowanne da siffar sunansa. Can sama kusa da rufi akwai wuraren aiki masu kama da ganyen bado a kan ruwa. Baƙo zai hau lif zuwa sama, sannan ya biyo wata doguwar hanya mai gangara da ke zagaye cikin ginin har ƙasa. A tsarin farko, zai ba na'ura bayanin kansa tun daga ƙofa, da muryarsa da hotonsa da launin da yake so, sai allunan da ke kan hanya su riƙa gane shi suna amsa masa yayin da yake wucewa. An yi niyyar karɓar kusan fam 7 a kan kowane mutum, a garin da mutane da yawa ke rayuwa da tallafin gwamnati. Daga baya aka mayar da shiga kyauta, wanda ya rushe lissafin kuɗin shigar da aka gina tsarin a kansa.

Akwai wata matsalar da na'ura ke da ita wadda zane a bango ba shi da ita. An yi tunanin zauren a ƙarshen shekarun 1990, lokacin da taɓa allo ya amsa maka abin al'ajabi ne. Kafin ya fara aiki a 2009, iPhone ta shekara 2 a kasuwa, yara kuma na wasa da na'urar Wii a falon gidajensu. Abin da aka kashe miliyoyi don a burge mutane da shi ya riga ya shiga aljihunsu.

Abin da masu suka ke faɗa

Turawa na da wani laƙabi da suke yi wa kadarar da riƙonta ya fi amfaninta tsada: farar giwa. Asalinsa labarin sarakunan Siyam ne, da aka ce sukan ba bafaden da suke so su talauta kyautar farar giwa, ba halin ya sa ta aiki, ba halin ya sayar, sai ciyarwa. Jaridun Ingila suka dubi tagogin The Public suka ce wannan giwar mai ruwan hoda ce.

Hujjarsu mai sauƙin ganewa ce. Cacar ƙasa, masu ƙaramin ƙarfi ne suka fi sayen tikitinta. An tara kuɗinsu an yi gini da yawancinsu ba za su iya gaya maka abin da ake yi a ciki ba. Gidan wasa ne? Gidan tarihi ne? Ofisoshin haya ne? Wurin shan shayi ne? Duka ne, kuma wannan ya sa ba ɗaya da ya tsaya da ƙafarsa. Da fam miliyan 72, in ji su, an gina makarantu, an gyara ɗakunan karatu na unguwanni, an riƙe ƙungiyoyi irin Jubilee Arts shekaru aru-aru.

Sukar ba ta tsaya a jarida ba. A 2011 kwamitin majalisar dokokin Birtaniya mai kula da al'adu ya bayyana aikin da mummunar ɓarnar kuɗin jama'a. A shekarar ne kuma Hukumar Fasaha ta fitar da rahoton binciken da ta sa Anthony Blackstock ya yi a kan rawar da ita kanta ta taka. Rahoton ya ce ta amince ta ba da kuɗi ga ginin da bai dace da aikin da aka yi shi dominsa ba, ta ci gaba da bayarwa duk da alamun haɗari da suka bayyana, kuma ta kutsa cikin aikin har ta kasa tsayawa a matsayin mai sa ido. Hukumar ta karɓi laifinta.

Abin da masu kare shi ke faɗa

Su kuma masu kare ginin ba sa musun cewa an yi ɓarna wajen gini. Abin da suke cewa shi ne kuɗin ya riga ya tafi, rufewa ba ta dawo da ko kwabo. Tambayar da ta rage a 2013 ita ce ko abin da ke gudana a ciki ya cancanci a riƙe shi.

Kuma abubuwa na gudana. Sabbin masu kula da wurin sun sauke girman kai, suka daina jiran 'yan yawon buɗe ido daga Landan, suka juya ga mutanen gari. Tsofaffi suka riƙa zuwa rawar la'asar irin ta zamaninsu, ana kiɗa ana shan shayi. Masu barkwanci da mawaƙa suka riƙa cika ɗakin wasa. Ƙananan kamfanoni suka kama hayar ofisoshin sama, matasa masu koyon sana'a suka sami wuri, masu zane na yankin da ba su taɓa samun bangon rataye aikinsu ba suka samu. A 2010 aka baje hotunan da fitaccen mai ɗaukar hoto Martin Parr ya ɗauka na mutanen Baƙar Ƙasa, a shagunansu da wuraren ibadarsu da masana'antun da suka rage. Mutane suka zo suna neman fuskokin maƙwabtansu a bango. Masu ziyara suka yi ta ƙaruwa shekara bayan shekara har suka haura 300,000.

Akwai kuma wata magana da ta fi wannan zafi. Ba wanda ke ɗaga murya idan an kashe ɗaruruwan miliyoyi a gidan opera na Landan ko a gidan nunin zane na Tate Modern. Me ya sa sai an kawo abu mai tsada garin talakawa ake tuna cewa akwai asibiti da makaranta? A ganin masu wannan ra'ayi, ƙarƙashin dariyar da ake wa tagogin akwai raini, wato West Bromwich ba ta kai a yi mata abin ƙawa ba.

Inda gizo ke saƙar

Idan aka auna maganganun biyu, za a ga masu suka sun yi gaskiya a kan shekarun gini, masu karewa sun yi gaskiya a kan shekarun aiki. Abin da ya kashe The Public yana tsakanin biyun, kuma shi ne sharaɗin nan na cacar ƙasa. An sayi doki da kuɗin wani, aka bar wa mai gida harawa. Manyan masu bayarwa sun biya kuɗin gini sun tafi, hidimar kowace rana ta faɗo kan ƙaramar hukumar da ke cikin mafi talauci a ƙasar. Ƙaton fanko irin wannan sai an ɗumama shi a sanyin Ingila, sai an haskaka shi, sai an yi gadinsa, sai an gyara na'urorinsa. Sandwell ta ce tana zuba kimanin fam 30,000 kowane mako, wato sama da fam miliyan ɗaya da rabi a shekara. Idan aka raba da yawan masu ziyara, kimanin fam 5 ne a kan kowane mutum, kuma wannan ba wani abin tashin hankali ba ne a harkar gidajen fasaha. Amma daga 2010 gwamnatin tsakiya ta shiga tsuke bakin aljihu, ta zabtare kason ƙananan hukumomi. Kansilan da ke zaɓe tsakanin kula da tsofaffi marasa lafiya da biyan kuɗin wutar The Public ba sai an gaya maka inda zai karkata ba.

Abu na biyu, an yi gini kafin a san abin da za a zuba a ciki. Misalin da ya fi fito da wannan yana maƙwabtaka. Garin Walsall, wanda shi ma na Baƙar Ƙasa ne, ya buɗe sabon zauren zane a 2000 da kuɗin caca, a kan fam miliyan 21. Bambancin shi ne Walsall na da kaya a hannu tun 1973, tarin zane-zane da sassaƙe da Kathleen Garman, matar masassaƙi Jacob Epstein, ta ba garin kyauta. An auna kayan, aka yi musu gida daidai su. Zauren na nan a buɗe har yau, duk da shi ma ya sha barazanar yanke tallafi. A ɗaya gefen kuma ga Sheffield, inda aka kashe fam miliyan 15 a cibiyar kiɗan zamani ta ƙasa, aka buɗe ta a 1999 da tsammanin baƙi 400,000 a shekara, aka rufe ta a 2000, daga baya ta zama cibiyar ƙungiyar ɗaliban jami'a. Ita ma na'urori aka dogara da su, ita ma lissafin baƙi aka kumbura don takardar neman kuɗi ta yi kyau.

Abu na uku shi ne kunyar ja da baya. A kowane mataki akwai damar a tsaya: lokacin da aka ga shirin ya fi ƙarfin ƙaramar ƙungiyar da ba ta taɓa riƙe ko kwatankwacin wannan kuɗi ba, lokacin da kamfanin mai zane ya faɗi, lokacin da masu aikin suka kasa biyan bashi. A kowane mataki sai a dubi abin da aka riga aka kashe a ce ai ba a bari ya tafi a banza, a ƙara. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, ya yi dubu bai fito ba. Kuma da yake masu bayarwa sun yi yawa, kowa na ganin wani ne zai taka burki.

Rufewa da abin da ya rage

A tsakiyar 2013 aka buɗe New Square, sabuwar cibiyar kantuna mai babban shagon Tesco da gidan sinima, a jikin The Public. Shekara da shekaru ginin na tsaye shi kaɗai a gefen filin da ake ta haƙa, yanzu ga dubban masu sayayya na wucewa ta ƙofarsa. A watan Agusta na shekarar ƙaramar hukuma, ƙarƙashin shugabanta Darren Cooper, ta yanke shawarar ba Kwalejin Sandwell ginin. Masu amfani da wurin suka tara sa hannu, suka yi ta kiraye-kiraye, amma bakin alƙalami ya riga ya bushe. A watan Nuwamba aka rufe. Aka sake kashe wasu miliyoyin wajen cire kayan nuni da yanka fankon zuwa azuzuwa, a 2014 ya buɗe a matsayin makarantar share fagen shiga jami'a. Will Alsop ya rasu a 2018.

Ba za a ce ginin ya tashi a tutar babu ba. 'Ya'yan garin na karatu a cikinsa, kuma kowace safiya ɗaruruwansu na shigowa tsakiyar gari, abin da tun farko aka ce fasaha za ta jawo. Sai dai wanda ke son makaranta ba ya bi ta wannan doguwar hanya mai tsada kafin ya gina ta.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne makomar aikin da aka fara da bas. Lokacin da komai ya rushe a 2006, ɓangaren da ke aiki da mutanen unguwa ya tsira, ya ci gaba da sunan Multistory. Su ne suka gayyato Martin Parr, suka sa shi ya shafe shekaru yana zagaya yankin da kyamararsa, kuma baje kolin nan da ya fi shiga ran mutanen gari daga wurinsu ya fito. Ginin da aka yi don ya zama gidansu ya bar hannun masu fasaha tun 2013. Su kuwa suna nan a West Bromwich, a ɗan ofishinsu, suna fita unguwanni suna samun mutane a inda suke, kamar yadda aka fara a 1974.